Sabuwar Mafitsara Daga Hanji: Abin da Tiyata Ta Tanadar wa Mata Bayan Ciwon Daji

(Jawabin da wani ɗalibin aikin likita ya gabatar a madadin 'yan ajinsu a zauren taron ɗalibai)



Da farko muna roƙon gafara. Abin da za mu yi magana a kansa yau yana cikin abubuwan da aka hore mu tun muna yara kada mu ambata a gaban manya, watau fitsari da wurin da yake taruwa a jikin mace. Bahaushe ma sakayawa yake yi, ya ce bawali, ko kuwa ya ce zai kewaya. Amma mun ga abin da wannan sakayawa take jawowa a ɗakin marasa lafiya, saboda haka idan wata kalma ta yi wa kunne nauyi, a yi mana afuwa, ba rashin ta ido ya kawo ta ba.

A watan da aka fara fita da mu zagayen ɗakin mata na sashen tiyata, mun tarar da wata baiwar Allah wadda ba ta wuce shekara hamsin ba. Ta fi shekara guda tana ganin jini a fitsarinta. Da farko ta ɗauka al'ada ce ta rikice mata, daga baya maƙwabta suka ce sanyi ne, ta sha saiwa da sassaƙe, ta sha kafso na kemis. Jinin yakan ɗauke wata guda, sa'an nan ya dawo, kowace ɗaukewa kuwa sai ta ce ai ta warke. Ba ta faɗa wa maigidanta ba sai da tafiya ta soma gagararta. Da aka duba, tsiro ya riga ya cika mafitsara har ya kama abin da ke kewaye da ita. Babban likita ya ja mu gefe ya ce, da bara ta zo, da akwai hanyoyi uku da za a shimfiɗa mata ta zaɓi ɗaya, amma yanzu abin da ya rage shi ne a rage mata raɗaɗi. Waɗannan hanyoyi uku, da yadda aka yi mata suka samu rabonsu a ciki, da abin da ke rufe ƙofarsu, su ne jawabinmu na yau.

Bari mu fara da ginin jikin kansa. Allah ya yi wa ɗan Adam ƙoda biyu masu tace jini dare da rana, baligi kuwa yakan fitar da fitsari kimanin lita ɗaya da rabi a kwana guda. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke sauko da fitsarin zuwa mafitsara. Ita mafitsara jaka ce ta tsoka da ke zaune a ƙasan mara, a jikin mace tana gaban mahaifa da farji, kuma tana iya riƙe kusan rabin lita. Tana tara fitsari ba tare da ta mayar da shi ga ƙoda ba, tana sanar da ƙwaƙwalwa idan ta cika, sa'an nan tana matsewa ta zubar a lokacin da mai ita ya ga dama. Daga ƙasanta akwai bututun fita. A jikin namiji tsawonsa ya kai wajen santimita 20, a jikin mace kuwa bai fi santimita 4 ba. Kewaye da wannan bututu akwai wata tsoka mai aiki kamar zariyar wando, ita ce take tsuke shi har sai an so buɗewa. Muna roƙo a riƙe wannan bambancin tsawo da wannan zariya, domin za mu komo gare su.

Ciwon daji na mafitsara yana farawa ne daga shimfiɗar da ke lulluɓe da cikinta. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 mutum kimanin 614,000 ne suka kamu da shi a duniya, kimanin 220,000 kuma suka rasu. Wajen kashi uku cikin huɗu na masu kamuwa maza ne. Amma fa mata sun fi zuwa asibiti a makare, domin jinin fitsarin mace akan jingina shi ga al'ada ko ga ciwon sanyi, har a wurin ma'aikatan lafiya.

A ƙasashen Turai da Amurka babban dalilinsa taba sigari ce, wadda ake ɗora wa alhakin kusan rabin masu kamuwa. Gubar hayaƙin tana shiga jini, ƙoda ta tace ta, ta je ta kwanta a mafitsara. Akwai kuma sinadaran masana'antu. Tun a 1895 wani likita Bajamushe, Ludwig Rehn, ya lura cewa ma'aikatan masana'antar rinin zamani suna yawan kamuwa da shi.

Mu kuwa a nan muna da wani dalili na daban, kuma kowa a zauren nan ya san sunansa: tsargiya. A 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar da ke kawo ta a wani asibiti na Alƙahira, a 1911 kuma wani likita mai suna Ferguson, shi ma a Alƙahira, ya nuna dangantakarta da ciwon dajin mafitsara. A 1994 hukumar da muka ambata ta sa wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Tsutsar tana girma a jikin wani ƙaramin dodon koɗi na kududdufi da rafi da magudanar noman rani, ta huda fatar mai shiga ruwa, ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ta yi ta zuba ƙwai. Ƙwan da ya maƙale a bangon mafitsara yana ta gurzarsa shekara goma, shekara ashirin, har wata rana shimfiɗar ta sake hali. A wasu ƙauyukanmu jan fitsarin yaro ana ɗaukarsa alamar balaga, ana dariya. Yarinyar da take wanki da ɗaukar ruwa a wannan kududdufin ita ma tana kamuwa, sai dai ita ba mai gani, ba ta kuma faɗa. Rahotannin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato sun daɗe suna nuna cewa irin ciwon dajin da ke biyo bayan tsargiya yana da yawa a cikin waɗanda ake gani, yakan kama mutum da sauran ƙarfinsa, kuma galibi ba a ganinsa sai ya yi nisa.

To, idan aka gano shi, me ake yi? Likita yakan zura wani siririn madubi mai fitila ta bututun fita ya leƙa cikin mafitsara. Idan tsiron yana kan shimfiɗa kawai, ana kankare shi ta wannan hanya ba tare da an yanka ciki ba, wani lokaci a riƙa zuba magani a cikin mafitsarar. Tun 1976 ake amfani da ruwan rigakafin tarin fuka, BCG, don wannan aiki, mace kuma ta koma gida da mafitsararta. Amma idan tsiron ya nutsa cikin tsoka, magani mafi tabbas ga yawancin mutane shi ne a cire mafitsarar ɗungum, sau da yawa bayan an yi allurar kashe ƙwayoyin daji. A jikin mace, yadda aka saba yi a da, tare da ita ake cire mahaifa, da gidan ƙwai, da bangon gaba na farji, da bututun fita duka. Ƙoda kuwa ba ta san an yi ba, tana nan tana aikinta. Ina fitsarin zai dosa?

Wannan tambaya ta fi shekara ɗari tana wahalar da likitoci. A 1852 John Simon na birnin Landan ya ba da labarin yadda ya karkatar da fitsarin wani yaro zuwa babban hanji, domin ya riƙa fita tare da bayan gida. Wannan dabara ta daɗe ana binta, amma ƙazantar hanji takan hau zuwa ƙoda, jini kuma yakan yi tsami saboda hanji yana sake tsotse abin da ƙoda ta zubar. A 1888 wasu likitoci biyu na Italiya, Tizzoni da Poggi, suka gwada yi wa kare mafitsara da guntun hanji. Tunanin ya yi daidai, sai dai zamanin bai kai ba, domin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu ƙarin jini irin na yau.

Hanya ta farko cikin ukun da muka ambata ta kafu ne a 1950, a hannun Eugene Bricker na Amurka. Ana yanko guntun ƙaramin hanji mai tsawon santimita 15 zuwa 20, a bar shi da jijiyoyin jininsa, a sake haɗa sauran hanjin yadda abinci zai wuce. Sai a dasa bututun ƙoda biyu a jikin guntun, a toshe baki ɗaya, a fito da ɗaya bakin ta fatar ciki, galibi ta dama da cibiya. Fitsari yana ɗiga ba tsayawa cikin wata jakar roba da ake mannawa a fata, ana juye ta idan ta yi nauyi. Wannan aiki ya fi sauran sauƙi da saurin gamawa, shi ya sa har gobe shi aka fi yi a duniya, musamman ga tsofaffi da masu raunin ƙoda. Kada kowa ya raina shi. Mata da yawa suna noma, suna kasuwa, suna aikin ofis da jakar a ƙarƙashin zane, ba wanda ya sani.

Hanya ta biyu ita ce a ɗinka ma'aji a cikin ciki, a yi masa 'yar ƙofa a fata ko a cibiya, mai murfi na nama wanda ba ya yoyo. Nils Kock na ƙasar Suwidin ya bayyana irin nasa a 1982, likitocin Jami'ar Indiyana ta Amurka kuma suka fito da nasu a 1987, wanda ake yi da sashen babban hanji. A nan babu jaka. Bayan kowace sa'a huɗu zuwa shida mace takan zura siririyar roba mai tsabta ta ƙofar, ta zubar da fitsarin, ta cire, ta rufe wurin da ɗan ƙyalle. Sharaɗinsa shi ne kada ta yi sakaci ko da rana guda, kuma robar ta kasance tare da ita duk inda za ta.

Hanya ta uku ita ce kan maganarmu: a ɗinka sabuwar mafitsara, a zaunar da ita a gurbin tsohuwar, a haɗa ta da bututun fita na asali, mutum ya riƙa kewayawa ta inda ya saba. Ana yanko ƙaramin hanji wajen santimita 50 zuwa 60, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka tuna cewa tsawonsa duka ya kai wajen mita shida. Hikimar aikin tana wurin ɗinki. Hanji a yadda yake bututu ne mai murɗawa yana tura abin da ke cikinsa gaba, idan aka bar shi haka zai tura fitsari waje ko ya mayar da shi ƙoda. Saboda haka sai a tsaga shi a tsaye, a shimfiɗe shi kamar ƙyalle, a ninka, a ɗinke shi ya zama kamar tulu. Kowane tela ya san cewa yadi guda idan aka ɗinka shi buhu ya fi ɗaukar hatsi a kan idan aka ɗinka shi hannun riga. Haka nan tsagawar tana karya ƙarfin murɗawar, sai ma'ajin ya ɗauki fitsari mai yawa ba tare da matsi ba. Richard Hautmann na garin Ulm a Jamus ya bayyana nasa salon a 1988, inda ake ninka hanjin kamar harafin W. Urs Studer na birnin Bern a Suwizalan ya bayyana nasa a 1989, inda ake barin wani ɗan wuya a dasa bututun ƙoda a jikinsa. Waɗannan biyu su ne aka fi bi a yau.

Jama'a, ga inda muke so ku kasa kunne. Sa'ad da wannan aiki ya bazu a cikin shekarun 1980, kusan maza kaɗai ake yi wa. Mace kuwa sai jaka ko 'yar ƙofa. Dalilai biyu ake bayarwa. Na ɗaya, an ɗauka cewa tun da bututun mace gajere ne, lalle ciwon dajin ya shafe shi, don haka tilas a cire shi duka. Na biyu, an ɗauka cewa abin da ke riƙe wa mace fitsari yana wuyan mafitsara ne, idan aka cire wuyan sai yoyo har abada. Manyan likitoci sun yarda da wannan, ɗalibai sun haddace, an rubuta a littattafai. Abin da ya rage kawai shi ne babu wanda ya zauna ya bincika sosai.

Da aka bincika sai magana ta sake. A farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu, John Stein da Donald Skinner a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, da Arnulf Stenzl da abokan aikinsa a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, suka koma kan mafitsarun matan da aka cire, suka duba su a ƙarƙashin madubin likita ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar cewa a yawancin mata bututun fita lafiya lau yake, kuma waɗanda nasu ya kamu galibi su ne waɗanda tsiron ya riga ya kai wuyan mafitsara. Watau ana iya gane wadda take cikin haɗari tun kafin aiki, a kuma tabbatar a lokacin aikin ta hanyar yanko ɗan nama daga bakin bututun a duba nan take. Suka kuma bi tsokar nan mai kama da zariya, suka ga ƙarfinta yana tsakiya da ƙasan bututun, jijiyar da ke ba ta umurni kuma daga ƙasa take zuwa, ba ta wajen mafitsara ba. Idan likita ya yi hattara, zai cire mafitsara da wuyanta ya bar zariyar tana aiki. A 1994 likitocin Kalifoniya suka buga sakamakon matan farko da suka yi wa aikin, daga nan ƙofa ta buɗe.

Kada a ce wannan abin Turawa ne kawai. A garin Mansura na ƙasar Masar akwai cibiyar ciwon ƙoda da mafitsara wadda Farfesa Muhammad Ghoneim ya jagoranci kafa ta, aka buɗe ta a 1983. Tana tsakiyar ƙasar manoman rani masu fama da tsargiya irin tamu, kuma likitocinta suna cikin waɗanda suka fi kowa yi wa mata wannan aiki da bin sawunsu shekara da shekaru. Daɗin daɗawa, da Masar ta dage wajen yaƙi da tsargiya, sai irin ciwon dajin da ke biyo bayanta ya ragu a asibitocinta ƙwarai. Wannan darasi biyu ne a faifai guda.

Amma ba za mu yi muku daɗin baki ba. Sabuwar mafitsara hanji ce, kuma ba ta manta asalinta. Ba ta da jijiyar da za ta ce wa ƙwaƙwalwa ta cika, sai dai mace ta ji wani nauyi a mara. Ba ta matsewa da kanta, sai mace ta zauna, ta saki zariyar, ta yi ɗan yunƙuri da tsokar ciki. Bayan aiki ana barin robar fitsari wajen mako uku har ɗinki ya kama. Idan aka cire, ma'ajin ƙarami ne, don haka da agogo ake kewayawa, kowace sa'a biyu da farko, har da tsakar dare, sa'an nan a riƙa ƙara tazara a hankali, cikin watanni ya buɗe ya kai kusan rabin lita. Hanjin yana ci gaba da fitar da yauƙi, wanda kan toshe hanya idan ba a shan ruwa sosai. Yana tsotsar wasu sinadarai daga fitsari su tsamar da jini, wani lokaci sai an sha magani. Bayan shekaru kuma sinadarin B12 yana iya ƙaranci a jiki, domin ƙarshen ƙaramin hanji shi ke tsotsarsa daga abinci. Saboda haka mai wannan mafitsara ita da asibiti sai dai mutuwa ta raba.

Yawancin mata sukan iya riƙe fitsari da rana bayan sun saba, amma yoyon dare ya fi wuyar sha'ani, domin mai barci ba ta jin cikar. Abin mamaki kuma, matsalar da ta fi damun mata ita ce akasin wadda aka ji tsoro tun farko. An ce za su yi ta yoyo, sai ga shi mata ba kaɗan ba fitsarin ne yake ƙin fita duka, har sai sun riƙa zura wa kansu roba sau da yawa a rana. Likitocin Mansura sun nuna cewa ɗaya daga cikin dalilan shi ne, idan aka cire mahaifa, sabuwar mafitsara takan rasa majingina ta faɗa baya, bututun ya lanƙwashe kamar tiyo. Shi ya sa yanzu ake cike gurbin da kitsen da ke lulluɓe da hanji, ake kuma ɗaure abin da ya rage na farji. Wannan kitse yana kuma kare mace daga ɓullar kafa tsakanin sabuwar mafitsara da farji. A yau idan ciwon bai yi nisa ba, likitoci da yawa sukan bar wa mace mahaifarta da gidan ƙwanta da farjinta yadda suke, abin da ke taimakon fitar fitsari, ya kiyaye zaman aure, ya kuma hana mai ƙuruciya ɗaukewar al'ada ba lokaci ba.

Ba kowace mace ce wannan hanya ta dace da ita ba. Wadda tsiron ya kai wuyan mafitsara ko bututun fita, da wadda ƙodarta ko hantarta ta yi rauni, da mai ciwon hanji, da wadda dama zariyarta ta saki, da wadda ba za ta iya zura wa kanta roba ba, duk wata hanyar ta fi musu alheri. Ga kuma abin da littattafan Turai ba su cika kula da shi ba. Jakar mannawa saye ake yi muddin rai, ba kowane gari ake samunta ba, zafi da gumi kuma suna sa ta saki. Sabuwar mafitsara tana bukatar gwajin jini a kai a kai da likita a kusa. Saboda irin wannan ne a wasu asibitocin Afirka har yanzu ake amfani da gyararren salon tsohuwar dabarar nan ta karkatar da fitsari zuwa ƙarshen babban hanji, inda ake faɗaɗa wurin ya zama ma'aji. Ana yin haka har ga wasu masu yoyon fitsari na haihuwa waɗanda gyara ya faskara.

Tun da mun ambaci yoyon fitsari, ya kamata mu rarrabe. Wanda ake yi wa aiki a wurare irin su asibitin Babbar Ruga a Katsina doguwar naƙuda ce ke kawo shi, ba ciwon daji ba. Amma iyayenmu mata sun ga yadda ake yi wa mai wannan larura, a ware mata kwano, a ƙaurace wa ɗakinta, wani lokaci a miƙa mata takarda. Wannan tsoro ne mace take shigowa da shi idan aka ce za a cire mata mafitsara. Tambayoyin da ke ranta su ne ko za ta yi wari, ko sallarta za ta yiwu, ko maigida zai ci gaba da zama da ita. Game da salla, malaman fiƙihu tun da daɗewa sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa wanda fitsari yake zubo masa ba da ikonsa ba, sai a kai ta wurin malami ya warware mata. Game da sauran, wajibi ne likita ya buɗe baki ya yi bayani, da Hausa, a gabanta, a kuma bar ta ta yi tambaya. Mun sha ganin ana yi wa miji ko wa bayani a baranda, mai ciwon tana kwance tana kallon silin. Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ce za ta tashi da ƙarfe biyun dare, ita ce za ta riƙe roba ko ta manna jaka, ita ta san nisan ƙauyensu da asibiti. Zaɓin nata ne.

Amma zaɓi sai ga wadda ta zo da wuri. Duk wannan ilmi da aka tara tun daga 1852, daga Landan zuwa Mansura, bai amfani baiwar Allahn nan da muka fara da labarinta da komai ba, domin shekara guda ta shiru ta cinye shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka muna da roƙo ga duk wanda ke zauren nan, ko Hausa yake karantawa, ko shari'a, ko aikin gona.

Idan muka koma gida hutu, mu sami hanyar da za mu isar wa iyayenmu mata da gwaggonni da yayye cewa jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ko ya ɗauke da kansa, abin kai wa asibiti ne, balle ga wadda ta daina al'ada. Wanda nauyin baki ya hana shi, ya aiki ƙanwarsa ko matar wansa. Idan an sha maganin sanyi jinin ya dawo, a nemi a leƙa mafitsarar, kada a sake komawa kemis. Idan ma'aikatan lafiya sun zo makarantar firamare rabon ƙwayar tsargiya, watau firazikwantal, mu tsaya mu ga ƙannenmu sun sha, 'yan mata da waɗanda ba sa zuwa makaranta su ma a nema musu. Masu koyon aikin gona da injiniya su tuna cewa kowace madatsar ruwa da magudanar rani tana zuwa da dodon koɗinta, a yi shirinsa tun a takarda. Masu busa sigari a bayan ɗakin kwana kuwa, sun ji inda hayaƙin yake kwana.

Mu kuma ɗaliban likita, namu nauyin ya fi. Mun ga yadda aka yi shekaru ana hana mata wani aiki bisa zato, har sai da wasu suka ce bari mu duba. Akwai irin wannan zato a wurinmu ma: cewa matar ƙauye ba za ta gane bayani ba, ba za ta iya kula da roba ba, ba za ta dawo asibiti ba. Matar da take sarrafa tukunya goma ranar suna, take riƙe lissafin adashi a ka, ba za a ce ba ta iya koyon abin da ransa ya rataya a kai ba sai an gwada koya mata. Idan Allah ya kai mu ga riƙe wuƙar tiyata, muna fata mu tuna da wannan.

  Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.